Kundin aikin samfurin Kahokiya da Jamestown a kan ma'auni ɗaya

4 ga Janairu, 2025

Aikin shi ne gina samfurin wurare biyu daga tarihin Amurka ta Arewa domin ɗakin tarihi na ɗalibai: tsakiyar Kahokiya, birnin ƴan asalin ƙasar kusa da kogin Misisifi a jihar Illinois ta yau, yadda yake wajen shekarar 1100, da sansanin da Turawan Ingila suka kafa a Jamestown, a jihar Birjiniya ta yau, a 1607. Sharaɗi ɗaya muka gindaya tun farko, ba kuma za a taɓa shi ba. Duka biyun a kan ma'aunin 1:500 za a gina su, wato santimita 1 a kan allo tana matsayin mita 5 a ƙasa. Littattafai da yawa sukan zana sansanin Jamestown ya cika shafi, Kahokiya kuwa ɗan hoto a gefe, in ma an ambace ta. Sai yaro ya tashi yana zaton ƙasar kurmi ce kawai har ranar da Bature ya sauka daga jirgi. Awo ɗaya zai fi dogon bayani gyara wannan zato.

Ga lissafin. Babban tudun Kahokiya, wanda ake kira Tudun Monks, gindinsa kimanin mita 291 ne daga arewa zuwa kudu, mita 236 daga gabas zuwa yamma, tsayinsa mita 30. A kan allo zai zama santimita 58 da 47, tsayi santimita 6. Dandalin da ke kudu da shi ya doshi mita 490 a tsawo, 270 a faɗi, wato santimita 98 da 54. Filawud mai ƙafa 8 da 4 santimita 244 ne da 122, saboda haka tudun da dandalin za su shiga allo ɗaya har da rarar fili.

An sayi filawud biyu mai kaurin rabin inci, ₦34,000. Katakon firam da ƙusa da ladan kafinta ₦15,000. Fentin mai ₦6,500, farin gam na kafintoci kilo 2 ₦9,000, yumɓu bokiti biyu daga wurin maginan tukwane ₦3,000. Jimla ₦67,500.

8 ga Janairu

An shafa fentin mai a fuskar allo na farko. Da ya bushe aka ja layukan murabba'i na santimita 10-10 da fensir, kowane gida mita 50. An sa alamar arewa.

11 ga Janairu

An ɗora tudun da yumɓu zalla. Ƙasar da ke cikin Tudun Monks ta haura kyubik mita 600,000, kuma in aka raba ta da 500 sau uku za a samu kusan lita 5. Abin da muka auna ke nan da robar awo, ya kuma isa cif. An kafa ƙananan ƙusoshi a jikin allo domin su riƙe yumɓun kada ya zame.

Siffar tudun ba dala ba ce mai tsini. Hawa huɗu gare shi. Na farko yana kudu, faffaɗa ne, tsayinsa wajen mita 10, wato santimita 2 a wurinmu. Na biyu yana ɓarin yamma, ba shi da tsari sosai, wasu masu bincike ma na ganin zaftarewar ƙasa ce ta samar da shi. Na uku da na huɗu suna can sama, na huɗun a arewa, ya ɗan ɗara na ukun kaɗan. A kansa ne masu tono suka gano gurabun wani babban gini na itace mai tsawon kusan mita 32 da faɗin 15.

Abin da za a riƙa tuna wa ɗalibai yayin da suke kallon lita biyar ɗin nan shi ne yadda aka tara ainihin ƙasar. Mutanen ba su da doki ko jaki ko sa, ba su da amalanke, ba su da kayan ƙarfe na tono. Fartanyarsu ta dutsen ƙanƙara ce da ake samowa daga kudancin Illinois, ƙasar kuma a kwando aka yi ta ɗaukowa. Ba a zama ɗaya aka gina shi ba, mataki-mataki aka yi ta ƙara masa tun daga ƙarni na 10. Ramukan da aka haƙi ƙasar suna nan har yau, wasu sun zama tafkuna. Domin yara su kama zamanin: lokacin da Kahokiya take ganiyarta, wajen 1050 zuwa 1100, shi ne dab da zamanin Sarki Gijimasu, wanda tarihin sarakunan Kano ya ce shi ya fara ganuwar birni.

14 ga Janairu

Tudun ya tsage. Babbar tsaga ɗaya ta ratsa daga hawa na uku ta gangaro ɓarin gabas, yatsa na shiga cikinta. Ƙanana kuma sun fito ko'ina a gindi, kowace ta taso daga inda ƙusa take. Allon kansa ya lanƙwashe, tsakiyarsa ta tashi kusan santimita 1.

Dalilai uku ne suka haɗu. Na ɗaya, yumɓu yana tsukewa idan ya bushe. An murza sanda ta gwaji mai santimita 10 daga ragowar yumɓun, da ta bushe ta koma 9.3, wato kashi 7 cikin ɗari. A kan santimita 58 wannan ya kai santimita 4. Tukunya tana tsukewa ba ta fashe ba saboda ba abin da ya riƙe ta, a nan kuwa ƙusoshin sun hana gindin motsi, dole ya yage. Na biyu, iskar hunturu. Fatar waje ta bushe ƙarau cikin dare ɗaya alhali ciki yana nan danye sharkaf, kauri kuma ya bambanta daga santimita 6 a tsakiya zuwa kusan babu a gefe. Na uku, ramukan ƙusa sun huda fentin, ruwa ya bi ta nan ya shiga filawud, fuska ɗaya ta kumbura, ta ƙasa ba ta kumbura ba.

Maginan Kahokiya sun yi fama da irin wannan matsala a babban mataki. Laka ce ta fadamar kogin Misisifi, mai kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke in ta bushe. Binciken da aka yi a jikin tudun ya nuna ba zuba ƙasa kawai suka yi ba, sun jera nau'o'i daban-daban, laka a wani wuri, yashi a wani, yadda ruwa zai samu hanyar tsiyayewa. Tudun ya tsaya ƙarnoni da dama, ko da yake a 1984 wani ɓangare na gefensa ya zaftare, an kuma sake yin gyara daga baya. Wannan zai shiga takardar bayani, domin ya nuna ilimin ƙasa da ke bayan aikin, ba yawan hannu kaɗai ba.

An kankare yumɓun, an cire ƙusoshi, an kifa allon a ƙasa aka danne shi da bulo. Za a ƙara katako biyu a gicciye ta ƙarƙashi, a shafe fuskar ƙasa da gefuna da fenti. ₦4,000.

18 ga Janairu

An sake ginin da wata dabara. Kwalin firiji mai ninki biyu kaurinsa milimita 5 ne, daidai da mita 2.5. Falle 12 a jere sun ba da mita 30. Kowane falle an zana masa iyakar tudun a wannan tsayi, aka yanke, aka manna a kan na ƙasansa. Huɗu na farko suna ɗauke da dukkan gindin har da hawan kudu, daga na biyar aka fara janyewa arewa. A riƙa juya jijiyar kwalin, wannan a tsaye, na gaba a kwance, in ba haka ba dukkansu za su lanƙwashe gefe guda. Da reza sabuwa ake yanka, dakusasshiya tana murƙushe bakin kwali ta rage kauri.

Abin shafe: garin katako da aka tankaɗe gwangwani 3, jar ƙasa tankaɗaɗɗiya gwangwani 1, farin gam gwangwani 1, ruwa kaɗan-kaɗan har ya yi kaurin kunun da cokali ke tsayawa a ciki. Da shi aka cike matakalar da kwalin ya bari, kauri kada ya wuce milimita 3 a shafa ɗaya. An lulluɓe da leda mai ƴan huji, aka ajiye a ɗaki nesa da taga.

Kwali ₦2,000, reza da wuƙa ₦1,500, ƙarin gam kilo 2 ₦9,000. Garin katako kyauta daga wurin masu yankan katako.

22 ga Janairu

Ya bushe ba tsaga. Shafa ta biyu.

25 ga Janairu

An yi muhawara a kan tsayi. Santimita 6 a kan gindi mai 58 yana kama da kwance, wasu suka kawo shawarar a ninka tsayin, kamar yadda masu taswirar duwatsu kan yi. Ba a karɓa ba. Da zarar an ƙara wa Kahokiya ko milimita ɗaya, kwatancin da Jamestown ya tashi daga gaskiya, kuma ɗalibin da ya ɗora rula ya auna yana da haƙƙin ya samu lissafi daidai. Maganin da aka samu shi ne mutane. Mutum mai tsawon mita 1.7 a wannan ma'auni milimita 3.4 ne. An yanka ƴan guntayen waya masu wannan tsawo, aka tsoma kansu a fenti, aka kafa ashirin a gindin tudun, uku a can sama. Nan take tudun ya yi girma a ido.

An daidaita dandali da shafe mai laushi, aka bi da takardar yashi. Ba a bar masa tudu ko kwari ba, domin ainihin dandalin ma da gangan aka cike shi aka baje. A nan ake taruwa, a nan kuma ake wani wasa da ake gangara faifan dutse a bi shi da mashi. A ƙarshensa na kudu an ɗora tagwayen tuddai, ɗaya mai shimfiɗaɗɗen kai, ɗaya mai zagayayyen kai. Birnin gaba ɗaya yana da tuddai kusan 120 a da, allonmu tsakiyar kaɗai ya ɗauka.

Shingen kafi na itace da ya kewaye tsakiyar birnin ba za a gina shi ba. Tsawonsa ya kai kilomita 3, an sake shi har sau huɗu, amma sai wajen ƙarshen ƙarni na 12 aka fara shi, bayan zamanin da muke nunawa. An ɗiga layinsa da farin fenti kawai, da rubutun shekara a gefe.

Gidaje: an fere dogon siririn katako mai kan jinka, ana yanka shi gunduwa-gunduwa, santimita 1 da milimita 6. An yi 150 yau. Ƙiyasin mutanen birnin a ganiyarsa tsakanin 10,000 ne da 20,000.

29 ga Janairu

Da'irar dirkoki, wadda masu tono ke kira Woodhenge. Warren Wittry ne ya gano gurabunta a 1961. Tana yamma da babban tudun da tazarar da ta haura mita 800, wato fiye da santimita 160, ba za ta shiga allon ba, sai aka yi mata ƙaramin allo daban da kibiya mai nuna tazarar. An zaɓi da'irar mai dirka 48, faɗinta mita 125, wato santimita 25. Kowace dirka digiri 7.5 daga ƴar'uwarta, tazara milimita 16. An huda da allura mai zafi, aka dasa tsinken tsintsiya mai tsawon milimita 12, aka shafa jan fenti. Daga tsakiyar da'irar, a ranakun da dare da rana ke daidaita, rana tana ɓullowa ta gaban Tudun Monks. An ja zare daga dirkar tsakiya zuwa gabas domin a nuna wannan.

1 ga Fabrairu

An fara allo na biyu. Jirage uku na Kamfanin Birjiniya na Landan, Susan Constant da Godspeed da Discovery, sun sauke maza da yara 104 a tsakiyar Mayun 1607, aka gama sansanin ranar 15 ga Yuni. Kusurwa uku gare shi. Awon da William Strachey, sakataren mazaunin, ya bari bayan ya ga wurin a 1610 shi ne yadi 140 ta gefen kogi, sauran gefuna biyu yadi 100-100, wato kimanin mita 128 da 91 da 91. A kan allo: santimita 25.6, 18.2, 18.2. An ja dogon layin, aka buɗe kamfas santimita 18.2 daga kowane ƙarshe, inda suka haɗu ita ce ƙusurwar arewa, santimita 13 daga layin kogi.

An yanka wannan siffa a takarda aka kai ta allo na farko. Faɗin sansanin bai fi eka ɗaya da ɗan kai ba, gindin Tudun Monks kuwa eka 14 ne, wato zai haɗiye shi sau 13. Da aka ɗora takardar a kan da'irar dirkoki, saura ƙiris ta shige ciki gaba ɗaya. Za a yanka wannan siffa a roba mai haske, a ɗaure ta da zare a jikin allo, domin kowane ɗalibi ya ɗauka ya gwada da hannunsa.

An daɗe ana cewa kogin James ya cinye wurin sansanin. Tonon da William Kelso ya fara a 1994 ya nuna ƙusurwa ɗaya kawai ruwa ya ci. Sawun siririn ramin da aka jera itatuwan kafi a ciki yana nan a ƙasa, da shi muka tabbatar da siffar.

5 ga Fabrairu

Shingen kafi na sansanin ya ba da wahala. Tsinken sakace kaurinsa milimita 2 ne, wato gungume mai kaurin mita ɗaya, bai dace ba. Ana buƙatar abin da bai fi rabin milimita ba. Bakin tsintsiyar laushi ya yi, amma dasa shi ɗaya-ɗaya a kan kewayen santimita 62 ya fi ƙarfin hannu, ga shi gam yana jan su su karkace yayin bushewa. Abin da ya yi aiki: a shimfiɗa salatif fuskar manne tana sama, a jera tsinkayen kafaɗa da kafaɗa, a shafa gam da aka tsinka da ruwa, in ya bushe a yanka ɗauri-ɗauri masu faɗin santimita 1. Milimita 2 suna shiga cikin tsagar da aka yi a shafe, 8 suna sama, wato mita 4. A kowace ƙusurwa an lanƙwasa ɗaurin a jikin biro ya yi rabin da'ira, domin a nan aka girke igwa.

Cikin sansani an sa cocin 1608, wanda aka gano gurabun ginshiƙansa a 2010, ƙafa 64 da 24, wato santimita 4 da 1.5, sai rumbun ajiya da dogayen gidaje. Gobara ta cinye yawancin gine-ginen farko a Janairun 1608, saboda haka abin da muke nunawa sansanin da aka sake ginawa ne.

Kogi: fenti mai ruwan ƙasa-ƙasa, ba shuɗi ba, da banish hawa biyu. Hawa na farko ya yi fari-fari domin fentin ruwan da ke ƙarƙashi bai gama bushewa ba, sai da aka goge aka bar shi kwana biyu. Tsintsiya ₦1,000, fentin ruwa ₦7,500, banish ₦5,000.

8 ga Fabrairu

An jera allunan biyu aka kira ɗalibai kaɗan su gwada kallo, sai wata babbar matsala ta fito wadda ba ta gam ko fenti ba ce. Yawancinsu sun ɗauka Turawan Jamestown ne suka ci Kahokiya da yaƙi. Ba haka ba ne ko kusa. An watse daga Kahokiya wajen 1350, fiye da shekara 250 kafin jiragen su iso, kuma tsakanin wuraren biyu akwai fiye da kilomita 1,000. Sunan ma ba na maginanta ba ne, na wata al'umma ce da Faransawa suka tarar a yankin daga baya. Abin da ya fi damun mu shi ne allo na biyu: ɗan sansani a tsakiyar kore fetal, ba kowa a kewaye. Wannan hoton ƙasa marar mutane shi ne ainihin abin da aikin ya tashi rushewa, ga shi mun kusa gina shi da hannunmu.

Ƙasar da Turawan suka sauka tana da suna, Tsenacomoco, tana da mai mulki, Wahunsenacawh, wanda aka fi sani da Powhatan. Ƙabilu kusan 30 ne a ƙarƙashinsa, mutum wajen 14,000 zuwa 15,000, fadarsa tana Werowocomoco a bakin kogin York. Masararsu ce ta riƙe sansanin. Tsibirin da Turawan suka zaɓa fadama ce mai ruwan zartsi, atuni da zazzaɓi suka yi ta ɗauke su, zuwa Janairun 1608 mutum 38 suka rage daga 104. Zoben itatuwan yankin ya nuna an yi fari mai tsanani daga 1606 zuwa 1612, ma'ana su kansu mutanen Powhatan rumbunansu ba su cika ba a daidai lokacin da baƙin ke neman hatsi, wani lokaci da ciniki, wani lokaci da bakin bindiga. Da aka yanke musu hanya a hunturun 1609 zuwa 1610, kimanin 60 kawai suka rayu a sansanin.

Shawarar da aka yanke: rabin allo na biyu zai zama garin mutanen Powhatan, a raba shi da sansanin da layi mai rubutun cewa an taƙaita tazara. Gidajensu na tanƙwararrun sanduna ne da aka rufa da tabarmi ko ɓawon itace, masu kan baka. Za a yi su da rabin bututun shan lemo, santimita 1.5, a manna zaren buhu. Gonaki za su fi garin faɗi, masara da wake da kabewa a haɗe, da shingen kamun kifi a bakin ruwa. Domin tsarin gari za a duba zanen da John White, mai zane Baturen Ingila, ya yi a 1585 na garuruwan Secotan da Pomeiooc, amma a rubuta a fili cewa waɗannan na maƙwabtansu ne na kudu, a gaɓar Karolina.

12 ga Fabrairu

Gidaje 14 da gonaki uku. An zana dogon layin shekaru a takarda tsakanin allunan, santimita 1 shekara 10, daga 900 zuwa 1700, domin gibin da ke tsakanin 1350 da 1607 ya fito a ido.

15 ga Fabrairu

An buga takardun bayani, ₦6,000. Jimlar kashe-kashe zuwa yau ₦103,500. Ba a sayi murfi ba tukuna, ƙurar hunturu kuma tana kwanciya a kan banish, sai an rufe da zani kowace yamma. An shafa maganin gara a ƙafafun teburin saboda kwalin da ke cikin tudun.

Abin da ya rage a allo na biyu shi ne gonar taba a wajen sansani. John Rolfe ya fara gwada irin taba mai daɗin sha a 1612, ita ce ta mai da mulkin mallakar abin riba, ita ce kuma ta sa ake ta cin ƙasar mutanen Powhatan, domin taba tana gajiyar da gona cikin ƴan shekaru. Daga nan zaren ya kai ga harin da Opechancanough, jagoran mutanen Powhatan, ya kai ranar 22 ga Maris, 1622, inda aka kashe Turawa 347, ya kuma kai ga ƴan Afirka ashirin da wani abu da jirgin White Lion ya sauke a Point Comfort a Agustan 1619, waɗanda aka kamo daga yankin Angola.

Allo na uku sai bayan azumi. Zai nuna gonar taba ta Maryland wajen 1730, kuma takardar bayaninsa za ta ɗauki labarin Ayuba Suleiman Diallo, Bafulatanin Bundu (a ƙasar Senegal ta yau) da aka sayar a Annapolis, ya yi bauta a tsibirin Kent, wasiƙar da ya rubuta da Larabci ta zama sanadin kai shi Landan a 1733, ya koma Afirka a 1734. A ma'aunin 1:500 rumfar shanya taba santimita biyu zuwa uku ce kawai, ɗakunan bayi ba su kai haka ba, saboda haka ana duba yiwuwar ƙara ƙaramin samfuri na 1:50 a gefe, da alama mai launi daban don kada a rikita shi da sauran. Ana buƙatar filawud ɗaya, gam kilo 2, da farashin roba mai haske ta murfi daga wuri biyu kafin a yanke shawara.